Titin da Ya Yi Shiru

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman 'yan biyu da 'yan biyun kansu. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke yi mini tsiya duk ranar da na wuni a tsaye a ɗakin wankin asibiti. Baba yana gaishe ku.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Ka san kunnen Baba. Tun da idonsa ya tafi, kunnen ya haɗa aikin biyu yana yi. Ko banɗaki na shiga na rufe ƙofa na yi maka raɗa, ina fitowa zai tambaye ni dalilin da ya sa na ce maka kaza. Takarda ce kaɗai ba ya ji, ita ma sai na lallaɓa biro.

To, motocin da kuke haɗawa a can sun iso mana. An hana duk wata mota mai hayaƙi bin titin ƙofar gidanmu, sai bas-bas masu batir da ƙananan tasi irinsu. Zan faɗi gaskiya ko da za ta sa kanka ya ƙara girma. Labulen tagar Baba da ke yin baƙi ƙirin kafin mako ya zagayo, yanzu sai ya daɗe fari tas. Tarin da ke tashe shi da asuba ma ya yi sauƙi sosai. Unguwa ta yi tsit, har kukan tattabarun maƙwabta muke ji, ni da ban ma san suna kiwo ba.

Sai dai Baba yana hutawa a gida kwanakin nan. Ka san tun da ɓarin jikin amininsa Baba Mai Agogo ya shanye bai sake saukowa daga benen da ke saman shagonsa ba. Baba ne ke ɗaukar sanda kullum da safe bayan na tafi aiki, ya tsallaka titi shi kaɗai, ya hau wurinsa. Shi ya karanta wa Baba jarida da bakin nan nasa da ya karkace, wanda Baba ne kaɗai ke ganewa, Baba kuma ya juya shi a gado ya matsa masa ƙafa. Ɗaya ba ido, ɗaya ba ƙafa, amma in ka jiyo musunsu ta taga sai ka rantse gobe za a ba su mulkin ƙasa. Yanzu an kwana biyu bai je ba.

Na tambaye shi ko yana da saƙon da zan ba ka. Sai ya ce, "Ki ce masa an ce motocinsa suna da kyau. Amma ba sa sallama."

Ka shafa mini kan yaran.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Takardarki ta same mu lafiya. 'Yan biyu sun fara haƙori, gidan ba barci, amma da sauƙi. Mamansu na gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi in kin dawo aiki, ki daina taurin kai.

Yaya, na daɗe ban yi farin ciki kamar ranar da na karanta maganar tarin Baba ba. Har wurin aiki na tafi da takardar, na karanta wa abokan aikina labarin labulen a lokacin cin abinci. Kin san sashenmu, mu ke gwada batir kafin a ɗaura wa mota. Wuni muke a ɗaki mai sanyi muna kallon lambobi a allo, ba ma ganin inda aikin yake zuwa. Sai ga shi ya je har tagar ubana.

Maganar sallama kuwa ta ba mu dariya, har wani ya ƙware da shayi. Baba dai bai canza ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas, in bai ji inji yana ruri ba ai ba zai yarda mota ce ba. Ki ce masa ƙarar nan da yake kewa, mai ne ke ƙonewa, abin da ya ƙone kuma ƙirjin mutane yake shiga. Tamu ko salansa ba ta da shi, bare hayaƙi. Kowa da farko haka yake ji, daga baya kunne ya saba, har mutum ya yi mamakin yadda ya zauna cikin waccan hayaniyar.

Hutun da yake yi ma ya yi daidai. Shekaru sun ja, hawa benen nan kullum ba ƙaramin aiki ba ne. Ki bar shi ya huta, ki kuma gaishe mini da Baba Mai Agogo in kin leƙa.

Ƙanenki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Muna lafiya. Allah ya ba yaran sauƙin haƙori. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na karanta wa Baba takardarka, na tsallake wurin dariyar. Ya ce na tsallake wani abu, don ya ji numfashina ya canza. Na ce masa gaisuwar Maman 'yan biyu ce ta yi tsawo.

Auta, kai da ka yi karatu har ka gaji, ashe takardar yayarka ce ba ka iya karantawa ba. Na ce Baba yana hutawa don kada in tayar maka da hankali, kai kuma ka karɓa hannu bibbiyu. To bari in faɗa maka a fili. Baba ba hutawa yake ba, tsoro yake ji.

Makon da aka kawo motocin ya fita kamar kullum. Ya tsaya bakin titi ya kasa kunne, ya ji shiru, ya sa ƙafa. Ashe bas na dab da shi. Allah ya sa direban ya taka birki, madubin gefe ne kawai ya doki kafaɗarsa, sandar ta faɗa ƙarƙashin taya ta karye. Direban ya sauko yana faɗa, wai shi makaho ne da ba zai duba hanya ba. Da ya dubi fuskarsa sai ya koma ba da haƙuri. Mai kantin da ke ƙasanmu ne ya hawo da shi gida. Ni ba wanda ya gaya mini, sai da na ga kumburin ina miƙa masa riga.

Na zauna na tambaye shi yadda yake tsallakawa duk shekarun nan, abin da ban taɓa tambaya ba. Ya ce ba zuwan mota kawai yake saurare ba. Jira yake ya ji direba ya ɗaga ƙafa daga totur. In kukan inji ya sauka, ya san an gan shi, sai ya wuce. In bai sauka ba, ya san hankalin direban yana wani wuri, sai ya jira na baya. Ya ce haka shi ma yake yi wa tsofaffi lokacin da yake tuƙi. Sallamar da yake nufi ke nan, wadda ta sa abokinka ya ƙware. Yanzu titi in babu mota shiru, in da mota ma shiru, ya rasa wanda zai yarda da shi. Na samo masa sabuwar sanda, tana nan jingine a bayan ƙofa.

Tunda kuma maganar hayaƙi kake so, mu yi ta. Ka san inda ake cajin motocinka? Bayan kasuwa ne, inda aka girke janareta mai girman ɗakin Baba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ka kuma san yadda ake ɗauke mana, shi ke ruri. Wata abokiyar aikina gidansu yana jikin katangar wurin, yanzu labulenta ne ke yin baƙi. Hayaƙin nan bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa bayan gari inda ba a jin ƙorafin mutane. Batir ɗin kuma in ya tsufa ina za a kai shi? Ni dai na ga yadda ake fasa na ƙananan motoci a bayan gareji, ruwansa na gangarawa kwata, awaki na sha.

Motocinka sun gyara mana iska, ban musa ba. Amma Baba yana zaune a ɗaki ya zuba tagumi, amininsa kuma na kwance a tsallaken titi ba mai juya shi sai 'yarsa ta taso aiki da yamma. Raina a ɓace yake, shi ya sa rubutun ya karkace.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya kafaɗar Baba? Ina gama karanta takardarki na kira shi, ya ce lafiyarsa lau, wa ya ce wani abu ya same shi. Sai na bar maganar.

Na ji zafin abin da ya faru, na kuma ji kunyar dariyar da na yi. Amma Yaya, sai maimaita "motocinka" kike, kamar ni na tuƙo bas ɗin na nufi ubana da shi. Wannan ta tsaya mini a wuya.

Maganar janareta gaskiya ce, ba na ja. Ta tsohon batir ma haka. Mu ma nan kullum cikin wannan jayayyar muke, har da ta ramukan da ake haƙawa a wasu wurare don samo abin da ake haɗa batir da shi, da mutanen da ke zaune kusa da ramukan. Ban taɓa ce miki daga aljanna aka sauko da motar nan ba. Amma bututu ɗaya a bayan kasuwa ana iya gyara shi, ana iya kashe shi ranar da wuta ta tsaya ko aka kafa farantan hasken rana. Salansa dubu a kan titi, daidai hancin yara, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya?

Ko kin manta dalilin da ya sa na shiga aikin nan? Inna ta ƙare rayuwarta tana sayar da lemo da ayaba a bakin tashar bas, salansa na feso mata a fuska tun safe har magariba. Likitan da ya ga hoton ƙirjinta tambaya ya yi kwali nawa take sha a rana, matar da ko riƙe taba ba ta taɓa yi ba. Har yau ina jin ƙarar numfashinta a kunnena. In so kike a dawo da hayaƙin da ya kashe Inna don Baba ya ji daɗin tsallaka titi, ki faɗa, amma ba da hannuna ba.

Ki riƙa raka shi mana, ko a roƙi mai kanti ya riƙa tsallakar da shi. Ni ban ga abin ya kai haka ba.

Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Da fatan kina lafiya, ke da Baba. Yara sun warware, ɗaya har ya fara miƙewa yana dafa kujera.

Shiru ya yi yawa, ba takardarki. In na kira sai ki ce lafiya lau, ki miƙa wa Baba waya. Maman 'yan biyu ta tsare ni sai da na gaya mata abin da na rubuta miki. Ta tambaye ni wa ya yi jinyar Inna lokacin da nake makaranta, wa ya kwana da ita a asibiti, wa ya riƙe ta ranar ƙarshe. Ta ce da ita aka rubuta wa haka, da ba takarda kaɗai za ta daina ba. Yaya, ba ki ce a dawo da hayaƙi ba, ni na sa miki maganar a baki don na ji haushi. Ki yafe mini.

Ga kuma abin da na gano. Duk bas ɗin da muke fitarwa tana da wata 'yar na'ura a gaba da ke fitar da ƙara in motar na tafiya a hankali, saboda masu tafiya a ƙasa. Ashe direbobi da yawa kashe ta suke yi, wai tana cika musu kunne. Na rubuta wa masu kula da motocin a can, na kuma samu wani a nan da ya san shugaban direbobin. An yi mini alkawarin za a kunna wa duk masu bin titinmu.

Ki gaya wa Baba ya kasa kunne, sallamar tana tafe. Ki kuma rubuto, ko zagi ne, zan karanta.

Ƙanenki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu da kyau, ka ce mata na gode, ita ce mai hankalin gidan. Na yafe maka, in ban yafe ba ina zan kai ka? Amma ka sani na yi kuka. A wurin aiki na karanta waccan takardar, Allah ya sa injinan wanki na juyawa ba wanda ya ji.

An kunna na'urar taku. Wani zuuu take yi kamar tsohon firji. Baba ya wuni a taga yana saurare, har na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ranar hutuna ya ɗauki sanda muka sauka, ya ce in tsaya a bayansa kada in taɓa shi. Mun daɗe a bakin titi. Daga ƙarshe ya ce mu koma. Ya ce masu tafiya a hankali yana jin su, amma masu gudu sai sun iso yake jin iskar tayarsu, ƙananan tasin kuma ba su da komai. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙarar iri ɗaya ce, ko direban ya gan shi ko bai gan shi ba. Ya ce in gaya maka ya gode, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Da gaske ya faɗa, ba gatse.

Maganar rakiya kuwa, kana ganin ban gwada ba? Mai kanti ya yi tayi har ya gaji. Ni kuma na matsa masa da magiya sai da ya yarda sau ɗaya. Na riƙe masa gwiwar hannu muka tsallaka. Na manta gadon Baba Mai Agogo yana jikin taga. Ya gan mu. Muna shiga muka tarar hawaye na bin gefen fuskarsa, yana ta faɗin wata magana da ban gane ba. Baba ya gane, amma ya ƙi fassara mini. Ranar ko jarida ba su buɗe ba.

Da muka dawo ya zauna bakin gado ya ce, "Shi a kwance ana juya shi, ni a tsaye ana ja na. In ya gan ni haka, wa zai ba wani ƙarfin gwiwa?" Ya ce zai koma ranar da zai iya zuwa da ƙafarsa da kunnensa, ba kafin nan ba. Ka san Baba in ya kafe.

Yanzu abinci sai na yi da gaske yake ci. Ƙafafunsa sun fara kumburi saboda zama. Rediyo ma ya daina kunnawa, wai tana hana shi jin titi. 'Yar Baba Mai Agogo ta ce bayan mahaifinta ya fara gyambo saboda kwanciya ɓangare ɗaya, kuma duk motsin da ya ji a matakala sai ya juyo da ido.

Don kada ka ce na ɓoye wadda ta goyi bayanka, wata nas a ɗakin yara ta ce mini an rage kawo musu masu sarƙewar numfashi daga unguwarmu. Na yi murna, na kuma tuna Inna. Janareta dai yana nan yana aikinsa a bayan kasuwa. Ni na gaji da musun, Auta. Ka nemi hutu ka zo, wataƙila kai ya ji maganarka.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Na ji daɗin ganin rubutunki, ko da abin da ke ciki ya hana ni sukuni. Mu lafiya lau. Allah ya ƙara wa su Baba sauƙi.

Jiya na fita filin da ake gwada motoci a bayan ma'aikata. Na tsaya bakin hanya na rufe ido, na ce sai na tsallaka. Na san direban da ke zagayawa, na san ba zai taka ni ba, amma wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ban daɗe ba na buɗe idon. Shekaru ina aikin motar nan, ban taɓa tsayawa a gabanta haka ba.

Na sake rubuta wa masu kula da titin, na roƙi a sa danja mai ƙara a daidai ƙofarmu, irin wadda ke tsayar da motoci ta yi kuka don mai tafiya ya wuce. Da ita Baba ba ya buƙatar hannun kowa. Sun amsa cewa suna dubawa.

Hutu kuma na nema, an ce sai mun gama aikin da ke hannunmu, don an yi odar motoci da yawa. Ba zai daɗe ba in Allah ya so. Ki ce wa Baba ya ɗan ƙara haƙuri ya jira ni. Ki ce wa Baba Mai Agogo ma ina tafe, zan hau in gaishe shi.

Ƙanenki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ku duka. Mu muna nan da rai da lafiya. Ka riga ka ji a waya cewa Allah ya yi wa Baba Mai Agogo rasuwa, Allah ya jiƙansa. Abin da ban iya faɗa ba saboda Baba yana kusa, shi ne zan rubuta.

Ranar da safe, bayan na tafi aiki, 'yar marigayin ta hawo wurin Baba ta ce jikin ya yi tsanani, kuma tana jin kamar Baba yake kira. Ta ce ya zo su tafi tare. Ya ce ta yi gaba ta nemo likita, zai sa riga ya biyo ta. Ta yarda, hankalinta ba ya jikinta. Ya sa farar rigarsa ta zuwa unguwa, ya ɗauki sanda, ya sauka.

Mai kanti ya tafi sarin kaya, matarsa ce a kantin. Ta ce tun hantsi ta gan shi tsaye a bakin titi. Ta gaishe shi, ta tambaya ko lafiya, ya ce iska yake sha. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa. Ta kawo masa kujera ya ƙi, ta kawo ruwa ya ce ya gode. Ba ta san komai game da mara lafiya ba, sai ta koma harkarta.

Ni kuma na taso aiki bayan azahar, bas ta sauke mu tun daga mahaɗa. Aka ce an rufe titinmu daga farko har ƙarshe tun bayan fitata da safe, ana haƙa a mahaɗar don a ja sabuwar wayar wuta zuwa wurin caji, a huta da janareta. An jera durom-durom an tare hanya. Na tako da ƙafa ta tsakiyar titi, ina ma cewa a raina zan ba ka labari ka ji daɗi.

Tun daga nesa na hango farar riga. Ya miƙa sanda gaba, ya karkata kai. Ina kallo ya sauke ƙafa ɗaya kan kwalta, ya tsaya, ya mayar da ita. Ya sake saukewa, ya sake mayarwa. Rigar ta jiƙe da gumi har baya. Auta, tun safe ko keke bai bi titin nan ba.

Na isa na kira shi. Ban kai ga miƙa hannu ba, shi ya laluba ya kama nawa, ya damƙe har na ji zafi. Muka tsallaka. Muna tsakiyar matakala muka jiyo kukan 'yarsa. Ta ce bai daɗe da cikawa ba, jikin ma da ɗuminsa. Baba ya laluba ya zauna a ƙarshen gado, ya ɗora ƙafafun amininsa a cinyarsa yana matsawa, har mutane suka fara taruwa.

Da yamma bayan an dawo daga maƙabarta na riƙo shi za mu gida. Mun kai tsakiyar titi sai ya tsaya ya ce, "Yau motocin sun yi yawa, ko?"

Na duba dama, na duba hagu. Babu komai har inda durom ɗin suke.

Na ce, "Sun yi yawa, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce dama jikinsa ya ba shi, shi ya sa bai yi ganganci ba.

Na bi mai kanti da matarsa da 'yar marigayi da duk wanda na san yana hira da shi, na roƙe su kada a gaya masa. Tun ranar ban samu barcin kirki ba, kuma ban san ko daidai na yi ba. Ka zo, Auta, ko an ba ka hutu ko ba a ba ka ba. In ya tambaye ka, kai ma ka ce sun yi yawa.

Yayarka.